Kiran da Ya Fita Daga Ɗakin Goggo Nana

Gwandu, Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Mu'az,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da jaririyar. Mu nan lafiya, sai gwiwar da ka sani. Ana ta yankan dawa. Gaisuwa ta ƙare a nan.

Na rubuto a takarda na ba Basharu direba, domin tun shekaranjiya ban yarda da duk wani abu mai allo ba. Na kira lambarka sau huɗu, wata mata tana ce mini ba a samunka.

Ranar Asabar da hantsi ina zaune ina juya karatun Malam, mahaifina, daga ajami zuwa boko, sai 'yar kibiyar nan ta allon kwamfuta ta motsa, hannuna kuwa yana kan kofin shayi. Na ce Mu'az ne ya leƙo daga Kalgo zai yi gyara kamar yadda ya saba. Har sannu da aiki na yi maka da baki, kamar sakarya. Kibiya ta zaga, ta buɗe nan, ta rufe can. Sannan ta je kan foldar da ka sa wa suna Kundin Malam, ta buɗe, ta zaɓi shafi ɗaya, ta ƙara masa girma, ta tsaya a kai. Ta daɗe. Na fizge wayar akwatin intanet daga bango, na rufe kwamfutar, na sa ta a adaka na kulle.

Ka san abin da ke cikin kundin nan, ko da ba ka karanta ba. Shekara hamsin mutanen Gwandu da Kambaza da Ceberu suna zuwa zauren mahaifina da abin da ba za su iya gaya wa kowa ba, yana rubutawa da sunayensu don ya tuna shawarar da ya ba kowa. Da yawansu suna raye. 'Ya'yansu suna auren juna. Bara da gara ta fara cin gefen takardun, kai na kira ka ɗauki hotonsu, ba don ka fi kowa iya aiki ba, sai don kakanka da mahaifina ɗan wa da ɗan ƙani ne. Ka ɗauka kana kau da kai, na yaba maka a raina.

A ranar ka ce mini akwatin intanet ɗin nan ba ya barin kowa ya shigo daga waje. Na maimaita tambayar, ka maimaita amsar. Shekara ashirin da takwas na yi ina koyar da tarihi, na karanta labarin garuruwa masu ganuwa da yawa, kuma a mafi yawan waɗanda aka ci, wani na ciki ne ya san inda ƙofa take.

Tambaya biyu. Me kake nema a kundin Malam? In kuma ka ce ba kai ba ne, ta ina aka shigo? Ka amsa a takarda da hannunka, kada ka kira ni.

Goggonka,
Nana Aisha


Gwandu, Lahadi, 10 ga Nuwamba

Mu'az,

Assalamu alaikum. Lafiyarmu ƙalau, ina fata taku ma haka.

Kwana shida. Basharu ya rantse ya kai takardar shagonku, ya damƙa ta a hannun wata yarinya mai buga takardu. Tsakanin Kalgo da Gwandu ba teku. Mai jaki ma da ya je ya dawo.

Na zauna na lissafa dalilan da ke sa mutum ya yi shiru. Ko ba shi da lafiya, wanda da na ji daga uwarka. Ko bai iya rubutu da biro ba, wanda mai yiwuwa ne a zamaninku. Ko yana tsara abin da zai faɗa. Na uku nake zato, kuma ina gaya maka kada ka wahalar da kanka, na gyara jarrabawar 'yan makaranta fiye da gashin kanka, na san amsar da aka kwana ana shiryawa.

Jiya na je suna a unguwarmu. Kowace mata ta gaishe ni sai in duba idonta in ga ko ta ji wani abu. Ban iya cin komai ba. Abin da ka mayar da ni ke nan.

Idan Laraba ta wuce ban ga rubutunka ba, zan je wurin mahaifinka, ba kuma ni kaɗai ba.

Nana Aisha


Kalgo, Laraba, 13 ga Nuwamba

Zuwa ga Goggo Nana,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara miki lafiya, ya sauƙaƙa gwiwa. Maiɗakina tana gaishe ki, jaririya ta fara zama.

Goggo, ki yi haƙuri. Tun ranar ɗaya ga wata maigidan shago ya tura ni wani ƙauye bayan Yawuri muna haɗa wa wata makaranta kwamfutoci, waya ba ta kamawa a can. Daren jiya na dawo, yau da safe aka miƙo mini takardunki biyu tare. Wallahi ranar Asabar ɗin ba na Kalgo, kuma ban taɓa karanta layi ɗaya a kundin Malam ba.

Abin da na gaya miki game da akwatin intanet gaskiya ne. Ba wanda ya shigo daga waje. Kwamfutarki ce ta fita ta yi kira.

Ga yadda abin yake. Hanya biyu ake gyara kwamfuta daga nesa. A ta farko, mai gyara ne ke neman kwamfutar, ya ƙwanƙwasa, ya ba da kalmar sirri, a buɗe masa. Wannan ba ta yiwuwa da taki, domin akwatin yana watsar da duk saƙon da ya zo ba tare da an neme shi daga ciki ba, kuma irin layinki ba shi da tsayayyen adireshin da za a same ki a kai. Shi ya sa muka bi ta biyu, wadda ake juya abin. Kwamfutar teburina a shago tana da adireshi sananne, tana zaune tana saurare. Taki ce ke kiran ta. Akwatin ba ya hana fita, kuma amsar kiran da aka yi daga ciki yana barin ta ta wuce. Da sun haɗu, hoton allonki yana zuwa Kalgo, motsin kibiya da rubutu suna komawa Gwandu ta hanyar da taki ta buɗe. Kamar ki aika a kira miki mai gyaran rufi ne, mutanen zaure ba za su tare shi ba tunda daga cikin gida aka aika.

Matsalar ita ce taki ba ta san fuskata ba, adireshi kawai ta sani. Duk wanda ke zaune a teburin, shi zai ga allonki, kuma da yake ita ta yi kiran, ba a tambayarsa kalmar sirri.

Da farko na sa wata 'yar tambaya tana fitowa a allo, “A kira Mu'az?”, sai kin danna eh. Za ki tuna kin ce in cire. Kika ce, “Ni ce zan riƙa tsayar da kai a ƙofa ina tambayar ko wane ne, kamar baƙo? Gidan kakanka ne.” Na cire. Tun daga ranar, da kin kunna ta take kiran shago da kanta. Ni kuma da zan tafi Yawuri na manta ban kashe sauraren ba. Yanzu na kashe.

Ina zaton ba a ɗauki komai ba. Ina kan bincike.

Ɗanki,
Mu'az


Gwandu, Alhamis, 14 ga Nuwamba

Mu'az,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da jaririya ta fara zama. Ka kula da ita fiye da yadda ka kula da teburinka.

Na karanta takardarka sau uku. A karon farko abin da na gani shi ne kana cewa ni na gayyato ɓarawo, na shimfiɗa masa tabarma. Na ninke ta na yafa mayafi zan tafi gidanku. A zaure na sake buɗewa. Na yarda ba ka Kalgo. Na kuma fahimci bayanin, ba sai ka kawo mini mai gyaran rufi ba: ƙofa a rufe take, amma na aika saƙo wani gida kullum ba tare da na san wa ke karɓa ba.

Na tuna maganar da na yi, ban musa ba. A gidan da na tashi, ɗan dangi ba a tambayarsa me ya kawo shi, kuma na ɗauka tambayar nan cin fuska ce gare ka. Kuskurena ne, zan ɗauki kayana.

Amma kai da ka san abin da cire ta ke nufi, me ka ce mini? Ka sunkuyar da kai ka ce, “To, Goggo.” Ban manta ba, har murmushi ka yi. Ni na san ajami da tarihi, kai ka san wannan. Da ka ce, “Goggo, wannan tambayar ba don ni aka sa ta ba, don wanda zai zauna a kujerata ne,” da na yi maka faɗa na minti biyu na bar ta. Ka ji kunyar gardama da babba, ka bar asirin gida ɗari a buɗe wata goma sha ɗaya. Wannan ladabin ka riƙe abinka, ba na so.

Sannan kada ka ɗauka ban lura ba. Shafi biyu ka cika da bayani, wurin da ake bukatar suna ɗaya ka rubuta “ina kan bincike”. Shagonku ba kasuwar Jega ba ne, ku nawa ne a ciki? Wa ya zauna a teburinka ranar Asabar? Ya iya karanta ajami? Wane shafi ne ya tsaya a kai? Ni ban gani da kyau ba, hankalina yana kan wayar bango.

Kuma “ina zaton” ba amsa ba ce. Basharu zai jira a ƙofar shago har ka rubuta.

Nana Aisha


Kalgo, Asabar, 16 ga Nuwamba

Zuwa ga Goggo Nana,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Ki gafarce ni da na sallami Basharu hannu wofi shekaranjiya, ban so in sake rubuta miki zato.

Jonathan ne, abokin aikina, mutumin Zuru. Shi aka ba teburina. Allonki ya faɗo a gabansa, ya ɗauka wani mai hulɗa da shago ne ke neman gyara, don haka suke faɗo mana. Ya duba ko'ina yana neman abin da ya lalace, har ya buɗe foldar. Bai iya ajami ba. Ya ce rubutun ne ya ba shi sha'awa, jan tawada da baƙi, sai ya ɗauki hoton shafin da wayarsa ya nuna wa Surayya mai buga mana takardu, ya ce, “Malama, wannan addu'a ce ko waƙa?”

Surayya ta yi makarantar allo. Ta fara karantawa da ƙarfi tana dariyar tsohuwar Hausa, ta kai tsakiya ta tsaya cak.

Shafin na shekarar gobarar rumbunan Kambaza ne, shekara arba'in da ɗaya da suka wuce. Wata Rukayya ta zo wurin Malam ta ce ita ce ta ɗebo garwashi a kasko daga maƙwabta, iska ta kwashe shi zuwa jinkar rumbu. Mutane suka ɗora wa ƙanin mijinta Abdulrashid saboda yana shan taba, ya bar garin, ita kuwa ta yi shiru.

Jonathan ya goge hoton a gabana, na duba wayar ko'ina, bai tura wa kowa ba. Da na gaya masa ko mene ne, ya riƙe kai, ya ce in roƙar masa gafararki, in kin yarda zai zo da kansa.

Saura abu ɗaya, Goggo. Mahaifiyar Surayya 'yar Kambaza ce, can take zaune. Sai yau Surayya ta amsa mini cewa washegarin ranar da ta karanta shafin ta kira ta a waya ta tambaye ta ko ta san wata Rukayya da labarin gobarar rumbu. Uwar ta ce ta sani, ta tambayi dalili. Surayya ta gaya mata. Ta ce ta roƙe ta kada ta faɗa wa kowa.

Kin yi gaskiya a kan “to” ɗin da na ce. Gobe zan zo in cire manhajar da ke yin kiran gaba ɗaya, in kwashe hotunan daga kwamfutar zuwa inda intanet ba ya kaiwa.

Ɗanki,
Mu'az


Gwandu, Talata, 19 ga Nuwamba

Mu'az,

Assalamu alaikum. Ina fata ka koma lafiya. Ban yi maka magana sosai ranar Lahadi ba, don da na buɗe baki da ba ka gama aikin ba. Na ga ka gama. Ka gaya wa Jonathan ba sai ya zo ba, shi kaɗai ne a cikinku ya yi abin da ya yi bisa rashin sani. Kai kuwa, don ka sanar da ni asiri ya fita, sai ka rubuta shi dalla-dalla da sunaye, ka ba direban haya a ambulan da ko liƙa ba ka yi ba. Na ƙone takardar.

Abin da ba ka sani ba shi ne Abdulrashid ya mutu a Kwantagora bai sake taka Kambaza ba. Ɗansa Mujtaba ya tashi ana ce masa ɗan mai gobara. Matar Mujtaba kuwa, Halima Sadiya, ɗiyar Rukayya ce, 'ya'yansu shida. Maganar ta kwana goma sha shida a bakin mace ɗaya a garin, kuma na san yadda “kada ki faɗa wa kowa” ke tafiya. Na ga gara tsohuwa Rukayya ta ji daga bakina kafin ta ji a bakin rijiya. Jiya na tafi, da shafin a jakata.

Na same ta tana ɓarar gyaɗa. Ta ce, “A'a, ɗiyar Malam, yau da gwiwar taki? Ko miji kika zo nema a Kambaza?” Na ce mazan Kambaza ba su iya shayi ba. Muka yi dariya, na ji kamar in koma. Sai na gaya mata duka. Ban ambaci Yawuri ko adireshi ba. Na ce amanar mahaifina ta zube a hannuna, ga wadda ta ji.

Ba ta daina ɓara ba. Can ta ce, “Mi Malam ya rubuta a ƙasa?”

Na karanta mata. Ya rubuta cewa ya umarce ta ta je ta faɗa wa mutanen gidan, ta ce sai bayan girbi.

Ta ce, “Haka na ce. Kowace shekara in ya gan ni sai ya ce, Rukayya, an yi girbi? In ce, saura wake, Malam.” Ta kakkaɓe zanenta. “Uwar Surayya ta zo nan shekaranjiya wai aron turmi. Turmi uku gare ta. Ta zauna tana kallona awa ta ga sabon wata.”

Na ce in tana so in je in roƙi matar ta rufe baki, zan je, har durƙusa mata zan yi.

Ta ce, “Ki durƙusa da wace gwiwa? Miƙo mini mayafina.”

Gidan Mujtaba bai kai taku ɗari biyu ba, amma sai da ta tsaya sau biyu tana hutawa. Mujtaba ya dawo daga gona ke nan, yana wanke ƙafa. Ya ce, “Inna, da kin aiko ai na zo.” Ta ƙi tabarma, ta zauna a ƙasa. Ta faɗa da bakinta, kasko da iska da komai, ba ta rage ba, ba ta yi kuka ba. Halima Sadiya tana tsaye a ƙofar madafa da ludayi a hannu.

Mujtaba ya kalli butar da ke gabansa. Ya ce, “Ina da shekara shida. Na bi shi har bakin gari, ya ce in koma, gobe zai dawo.” Ya juyo gare ni ya ce, “Hajiya, rubutun Malam ne da hannunsa?” Na ce shi ne. Ya ce, “Mutanen garin nan sun san hannun Malam. Ina so liman ya karanta bayan sallar Juma'a.”

Na ce ba ni ke da ikon bayarwa ba, mai maganar tana zaune. Rukayya ta ce, “Ba shi. A karanta da sunana.”

Na ciro shafin na miƙa masa, Mu'az. Takardar da Malam bai taɓa nuna wa uwata ba. Har yanzu haushinka da nawa bai sauka ba. Sauran shafuka ɗari biyu da wani abu suna adaka, ba kowane mai shafi ne Rukayya ba.

Bai ce ya yafe ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaba, ya ce mu gaida gida, ya shiga ɗaki ya saki labule.

Halima Sadiya ta ajiye ludayin, ta kama hannun uwarta, ta rako mu har ƙofar gidan tsohuwar. Rukayya ta ce mata, “In kina so ki kwana nan, akwai wuri.” Ta ce, “A'a, Inna, bai ci abinci ba.” Ta gyara wa uwarta mayafi, ta koma gidan mijinta.

Ranar Juma'a zan koma Kambaza in zauna kusa da Rukayya a sahun mata. Ka zo da mota ƙarfe goma sha ɗaya, kai za ka kai ni, kuma za ka tsaya ka ji.

Goggonka,
Nana Aisha